Takardar izinin mallakar mota a Singafo: tambayoyi da amsoshi kan gwanjon COE da ribar dillalai

A Singafo, kuɗin mota kaɗai ba ya ba mutum mota. Sai ya fara mallakar wata takarda da ake kira COE, wadda gwamnati ke sayarwa ta hanyar gwanjo sau biyu a wata, kuma a shekarun nan farashinta yakan ninka kuɗin ita kanta motar sau uku ko huɗu. Duk kuɗin da aka ambata a nan dalar Singafo ce, ba ta Amurka ba.

Mece ce wannan takarda?

Izini ne na yi wa abin hawa rajista da hawa titi da shi na tsawon shekara goma. Ba lasin tuƙi ba ce, ba kuma harajin hanya ba. Waɗannan daban ake biyan su. An fara tsarin a watan Mayun 1990, kuma hukumar sufurin ƙasa ta LTA, wadda aka kafa a 1995, ita ke gudanar da shi. Idan shekara goma ta cika, ko dai mai motar ya sake biya, ko motar ta bar titi.

Me ya kai gwamnati ga ƙayyade yawan motoci?

Ƙarancin ƙasa. Singafo tsibiri ce da faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita 730, ga mutane kusan miliyan shida, kuma tituna sun riga sun cinye kimanin kashi 12 cikin ɗari na filin ƙasar. Kafin 1990 an gwada haraji mai nauyi a kan shigo da mota, an kuma fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar birni tun 1975. Bai wadatar ba, domin arzikin mutane yana ƙaruwa fiye da yadda haraji ke hana su saye. Sai gwamnati ta juya lissafin. Maimakon ta yanka farashi ta jira ta ga mota nawa za a saya, ta yanka yawan motocin, ta bar masu saye su yanka farashin da kansu.

Takardar iri ɗaya ce ga kowane abin hawa?

A'a, rukuni biyar ne. Rukunin A na ƙananan motoci ne, masu injin da bai wuce cc 1,600 ba, ƙarfinsa kuma bai haura kilowat 97 ba. Rukunin B na motocin da suka fi haka. Rukunin C na motocin kaya da bas-bas, rukunin D na babura. Rukunin E buɗaɗɗe ne, ana iya yi wa kowane abin hawa rajista da shi ban da babur, amma a aikace manyan motoci ake saya wa, shi ya sa farashinsa ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da na B.

Sharaɗin ƙarfin inji bai zo ba sai a Fabrairun 2014. Kafin nan girman inji kawai ake dubawa, sai kamfanonin motocin alfarma irin su Mercedes-Benz da BMW suka riƙa kawo motoci masu ƙaramin inji amma mai ƙarfi, suna shiga rukunin da aka ware wa mai sayen Toyota Corolla. Ka riƙe wannan, domin matsalar ta dawo da wata fuska a zamanin motocin lantarki.

Yaya ake yin gwanjon?

Ana buɗe shi ranar Litinin ta farko da ta uku a kowane wata da ƙarfe 12 na rana, a rufe ranar Laraba da ƙarfe 4 na yamma. Mai so zai ajiye kafin alƙalami na dala 10,000 idan mota ce, ya kuma rubuta iyakar abin da zai iya biya. Yana iya ƙara tayinsa sama, amma ba ya iya rage shi ko janye shi.

Tun 2002 gwanjon a bayyane yake: kowa na iya ganin farashin da ake kai a intanet. Farashin yana farawa daga dala ɗaya, yana hawa, duk wanda aka wuce iyakarsa ya fita sai in ya ƙara. Idan lokaci ya cika, waɗanda suka rage daidai yawan takardun su suka ci. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne duk waɗanda suka ci kuɗi ɗaya suke biya, wato tayin wanda ya fi kowa a cikin waɗanda suka faɗi, a ƙara dala ɗaya. Wanda ya rubuta 200,000 da wanda ya rubuta 120,001 duk 120,001 za su biya in a nan aka tsaya. Dalilin ke nan da kake yawan ganin farashi mai ƙarewa da lamba ɗaya, kamar 150,001.

Kwana biyun farko kusan ba a yin komai. Ƙwararru ba sa nuna hannunsu sai a mintocin ƙarshe na ranar Laraba.

Wa ke yanke yawan takardun da za a sayar?

LTA ce ke sanar da adadin duk wata uku, amma ba da ka take yi ba, akwai ƙa'idar lissafi. Babban abin da ke cikinta shi ne yawan motocin da aka soke rajistarsu a baya: mota ta fita, gurbinta ya koma kasuwa. A da ana ƙara wani kaso domin yawan motoci ya ɗan ƙaru kowace shekara. Kason ya fara da kashi 3 cikin ɗari a 1990, aka rage shi zuwa 1.5 a 2009, ya ci gaba da sauka har ya kai 0.25 a 2015. Daga Fabrairun 2018 aka mai da shi sifili ga motocin hawa da babura. Motocin kaya da bas-bas kaɗai aka bar wa 0.25.

Ma'anarsa ita ce a ƙa'ida sabuwar mota ba ta shiga titin Singafo sai wata ta fita. Masu kuɗi suna ƙaruwa, guraben ba sa ƙaruwa.

Ina farashin ya kai, kuma daga ina ya taso?

Tarihinsa hawa da gangara ne masu tsanani. A Disambar 1994 takardar manyan motocin alfarma ta haura dala 110,000. A Nuwambar 2008, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, takardar rukunin A ta faɗi zuwa dala 2. Ba kuskuren rubutu ba ne, dala biyu. Shekara huɗu da 'yan watanni bayan haka, a Janairun 2013, wannan rukuni ya kai 92,100. Daga nan ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da 30,000 a ƙarshen 2018.

An dakatar da gwanjon daga Afrilu zuwa Yulin 2020 saboda kullen korona, kuma tun da aka dawo farashin ya kama hanyar sama. A gwanjo na biyu na Oktobar 2023 rukunin A ya kai 106,000, rukunin B ya kai 150,001, rukunin E kuma 158,004. Ya ɗan lafa a farkon 2024, sannan ya sake tashi, har rukunin A ya haura 128,000 a Oktobar 2025. Babura ma ba su tsira ba: takardarsu ta kai 13,189 a Nuwambar 2022, kuɗin da ya fi na ƙaramin babur kansa, kuma masu kai saƙo da abinci ne suka fi ji a jikinsu.

Me ke jawo wannan hawa da sauka?

Jaridu sukan ɗora abin a kan labarin makon: an yi bajen kolin motoci, dillalai sun tara oda, ko an samu tazarar mako uku tsakanin gwanjo biyu. Gaskiya ne waɗannan suna motsa farashi da 'yan dubbai. Amma babban dalilin ya girme su, kuma yana cikin ginin tsarin kansa.

Tunda takardar ta shekara goma ce, kuma sabbin takardu suna fitowa ne daga motocin da aka soke, abin da aka yi wa rajista shekara goma da suka wuce shi ke yanke abin da za a samu bana. Tsakanin 2005 da 2007 ana yi wa sabbin motoci sama da 100,000 rajista a shekara. A 2013 adadin ya faɗi zuwa kimanin 22,000. Da motocin shekarun yalwa suka cika wa'adi, sai takardu suka yi yawa, har aka yi wa kusan 92,000 rajista a 2017, farashi ya karye. Da aka zo kan wa'adin motocin shekarun ƙunci, sai aka koma kimanin 30,000 a 2023, farashi ya kai inda bai taɓa kaiwa ba.

A ganina wannan shi ne babban aibin tsarin. Maƙwabta biyu masu albashi ɗaya da buƙata ɗaya, ɗaya ya biya 25,000 ɗaya ya biya 106,000 a kan takarda iri ɗaya, ba don komai ba sai shekarar da tsohuwar motar kowannensu ta cika goma. Cunkoson da motar kowannensu ke jawowa a titi kuwa ɗaya ne.

Gwamnati ta yi wani abu a kai?

Ta yi, ko da yake ta makara. Daga Fabrairun 2023 ana lissafin adadin ne da matsakaicin motocin da aka soke a wata goma sha biyu da suka wuce, maimakon wata uku ko shida, domin a rage tsalle-tsalle. A Mayun 2023 ta fara aro daga gaba: akwai motocin da aka sabunta wa takarda ta shekara biyar, waɗanda doka ba ta yarda a sake sabunta musu ba, saboda haka an san ranar fitarsu. Sai aka riƙa jawo gurabensu ana sayarwa tun yanzu, a cike ramin bana da tudun baɗi. Sannan a Oktobar 2024 aka sanar da ƙarin takardu har 20,000 da za a riƙa saki sannu a hankali daga Fabrairun 2025, a kan hujjar cewa sabon tsarin karɓar kuɗin hanya mai aiki da tauraron ɗan'adam zai taimaka wajen rage cunkoso.

Adadin takardu ya ƙaru, amma farashin rukunin A ya sake kafa tarihi a 2025. Wannan ya nuna buƙatar ma tana ƙaruwa.

Shin kamfanonin motocin haya ne suka tsadar da ita?

Wannan ita ce tambayar da ta fi tayar da jijiyar wuya a can. Kamfanonin kiran motar haya ta waya, Uber da Grab, sun shigo a 2013, kuma kamfanonin da ke ba direbobi hayar mota suna shiga gwanjo ɗaya da magidanci mai neman motar kai yara makaranta. Kamfani na iya jure tsada domin motar za ta nemo kuɗinta. Ma'aikatar sufuri ta sha cewa a majalisa mafi yawan takardun ɗaiɗaikun 'yan ƙasa ne ke cinye su, kuma ware wa motocin haya rukuni na daban yana nufin a yanko daga rukunin A da B, abin da zai iya ƙara tsadar.

Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta rufe maganar ba. A gwanjon da tayin mutum na ƙarshe ke yanke farashin kowa, ba sai kana da rinjaye za ka ɗaga shi ba. 'Yan ɗaruruwan tayi masu ƙarfi sun isa. Tasi kuwa an cire su daga gwanjon tun 2012. Daga Fabrairun 2025 an wajabta wa kamfanoni riƙe motar da suka yi wa rajistar ɗaukar fasinja shekara uku kafin su mai da ita ta gida su sayar.

Ina motocin lantarki suka shigo?

A Mayun 2022 aka ce motar lantarki da ƙarfinta bai wuce kilowat 110 ba ta shiga rukunin A. Nan da nan kamfanoni suka fara rage ƙarfin motocinsu domin kasuwar Singafo kaɗai. BYD, kamfanin motoci na ƙasar Sin, ta kawo Atto 3 mai kilowat 100, Tesla ta kawo Model 3 mai 110. Ga kuma rangwamen haraji da gwamnati ke yi wa motocin lantarki. Sakamakon shi ne motoci masu girma da tsada sun cika rukunin da aka yi domin ƙaramar mota, tazarar da ke tsakanin A da B ta tsuke ƙwarai. A 2025 BYD ta zama kan gaba a yawan sabbin motocin da aka yi wa rajista, matsayin da Toyota ta daɗe tana riƙe da shi.

Idan mutum ya biya kuɗin sabuwar mota, ina kuɗin ke tafiya?

Komai yana farawa ne daga ƙimar da kwastan ta yi wa motar, wadda ake kira OMV: kuɗin sayenta daga masana'anta, da na jirgi, da inshorar hanya har ta sauka tashar ruwa. A kan wannan ake ɗora harajin kwastan na kashi 20 cikin ɗari, sai harajin saye na GST, kashi 9 tun Janairun 2024, wanda ake lissafawa a kan ƙimar haɗe da harajin kwastan. Sai kuɗin rajista dala 350. Sai kuma babban harajin rajista mai suna ARF, wanda yake hawa-hawa. A ƙa'idar Fabrairun 2023, dala 20,000 na farko na ƙimar ana biyan kashi 100, na biyu kashi 140, na uku kashi 190, na huɗu kashi 250, abin da ya haura 80,000 kuma kashi 320. Motar da ƙimarta take 100,000 za ta biya ARF na 200,000 cif. Akwai kuma ragi ko tara gwargwadon hayaƙin da motar ke fitarwa.

Mu ɗauki misali na lissafi kawai. Mota mai ƙimar 20,000: kwastan 4,000, GST 2,160, ARF 20,000, rajista 350. A ce takardar COE ta tsaya a 100,000. Jimilla 146,510 ke nan. Wannan shi ne uwar kuɗi, kuma a cikinsa 126,510 na gwamnati ne. Duk abin da dillali ya ɗora a kai, shi ne rabonsa.

To nawa dillalin ke ɗorawa?

Ba sai an yi hasashe ba, domin LTA tana wallafa jadawali kowane wata a shafinta na OneMotoring. Jadawalin yana nuna kowace irin mota, da ƙimarta, da harajinta, da uwar kuɗinta, da farashin da babban dillalinta ya sa, da tazarar da ke tsakani. Ƙasashe kaɗan ne mai saye ke samun irin wannan a hannunsa kafin ya shiga shago, kuma abin takaici ne a ce mutum ya kashe kuɗin da ya kai na gida a wasu ƙasashe bai buɗe shi ba.

A misalinmu, in dillali ya sa farashin 165,000, tazarar ita ce 18,490. In ka auna ta da uwar kuɗi, kashi 12.6 ne cikin ɗari, ba ta da ban tsoro. In ka auna ta da kuɗin motar kanta, wato 20,000, ta haura kashi 90. Dillalai sun fi son lissafi na farko, masu ƙorafi sun fi son na biyu, kuma duka biyun gaskiya ne. Abin da jadawalin ke nunawa a kai a kai shi ne tazarar ta fi faɗi a motocin alfarma, inda mai saye ba ya tsayawa ciniki a kan 'yan dubbai, ta fi tsukewa a ƙananan motocin da ke gasa da juna.

Duk wannan tazara riba ce?

A'a. Daga ciki ake biyan hayar ɗakin baje koli a titin Leng Kee ko Alexandra, inda manyan dillalai irin su Borneo Motors mai Toyota da Cycle & Carriage mai Mercedes-Benz suke, da albashi da kamashon masu talla, da garanti na shekaru, da sabis na kyauta, da kuɗin ruwan bankin da aka ci bashi aka shigo da motocin. A shekarar ƙunci, dillalin da ya saba sayar da mota dubu uku yana iya sayar da dubu ɗaya, haya da albashi kuwa ba su ragu ba, sai ya faɗaɗa abin da yake ɗorawa a kan kowace mota.

Sannan farashin jadawalin na allo ne. Kusan ba wanda ke biyan sa, domin akwai rangwame. A gefe guda kuma akwai kuɗin da ba ya bayyana a jadawalin sam: la'adar da banki ke ba dillali in ya kawo mai cin rance, da ta kamfanin inshora, da ribar tsohuwar motar da aka karɓa a musaya. Shi ya sa rangwame mai tsoka yakan zo da sharaɗin ka ci rance ta hannunsu, ka yi inshora ta hannunsu, ka bar musu tsohuwar motarka. In ka ce za ka biya lakadan, sau da yawa farashin hawa yake yi.

Mece ce alaƙar ribar dillali da farashin takardar?

A nan ne abubuwan biyu suke haɗuwa, kuma a ganina wanda bai gane wannan ba bai gane kasuwar ba. Mafi yawan masu sayen mota ba su ke shiga gwanjo da kansu ba. Dillali yana sayar musu da mota da takarda a dunƙule, a farashi ɗaya, sannan ya je ya yi tayi da sunansu. Saboda haka wanda ke zaune gaban kwamfuta ranar Laraba da yamma ba magidanci ba ne mai lissafin albashinsa. Ma'aikacin dillali ne mai oda ɗari a hannu, wanda in bai ci ba ba zai miƙa mota ba, in bai miƙa ba kuma ba a biyan sa.

Iyakar tayinsa kuwa tazarar nan ce ke yanke ta. Dillalin da ke da 40,000 a kan kowace mota zai iya sadaukar da 10,000 ya ci gwanjo, ya ci riba duk da haka. Wanda ke da 12,000 ba zai iya bin sa ba. Wato mai faffaɗar riba shi ke jan farashin, kowa kuma ya biya abin da ya jawo. Ga kuma matsin masana'anta, wadda ke ɗora wa wakilinta adadin da dole ya sayar a shekara, har wani lokaci ya gwammace ya ci takarda da asara a kan ya gaza. Idan farashi ya sauka, dillalai sukan rage kuɗin mota a ranar, mutane su cika shaguna a ƙarshen mako, oda ta taru, gwanjo na gaba ya sake hawa. Sauƙin da kansa ke haifar da tsadar da ke biye da shi.

Me ake nufi da takarda mai tabbaci da marar tabbaci?

A yarjejeniya mai tabbaci, dillali ya ɗauki alkawarin samo takardar cikin adadin gwanjon da aka rubuta, ko nawa ta kai. Ta fi tsada domin shi ya ɗauki kasadar. A marar tabbaci zai gwada sau kaza, sau da yawa shida, wato wata uku. In bai samu ba ya mayar maka da kuɗin ajiyarka, ko ya nemi ka yi ciko. Ka karanta da kyau, domin akwai yarjejeniyar da ake kira mai tabbaci amma an saka sharaɗin ciko a ƙasa.

Sai kuma abin da ya fi muhimmanci, wato matakin mayar da rara. Dillali yana rubuta wani adadi, ya ce in takardar ta faɗi ƙasa da shi zai mayar maka da bambancin. A ce ana sayar da takarda 100,000, ya sa matakin a 85,000. In ta sauka zuwa 90,000, wannan 10,000 da aka samu nasa ne, ba ka da ko sisi. Sai ta faɗi ƙasa da 85,000 za ka ga wani abu. Mai saye ya yi ciniki a kan wannan lamba kamar yadda yake yi a kan farashin motar.

Mutum zai iya yin tayin da kansa?

Zai iya, ta bankunan da hukumar ta amince da su. In ya ci a rukunin A ko B, yana da wata shida ya yi wa mota rajista, kuma ba zai iya sayar wa wani takardar ba. In wa'adin ya wuce, dala 10,000 ɗinsa ta tafi. Ta rukunin E wata uku ce, amma ana iya miƙa ta ga wani, shi ya sa dillalai ke tara ta domin mai son mota yau-yau. Matsalar ita ce farashin mota ba tare da takarda ba da dillali zai ba ka ba lallai ya ragu da cikakken kuɗin takardar ba.

'Yan kasuwar da ba wakilan masana'anta ba fa?

Su suna sayo motoci ne daga dillalan wata ƙasa, galibi Japan, su shigo da su da kansu. Sukan fi sauƙi kuma sukan kawo irin da wakili ba ya kawowa. Garantin kuwa nasu ne, ba na masana'anta ba, kuma an taɓa samun waɗanda suka karɓi kuɗin ajiyar mutane suka rufe shago. Ƙungiyar kare masu saye ta CASE tana da tsarin tantance dillalai, ya kamata a duba shi kafin a ajiye kuɗi.

Banki na ba da rancen duka kuɗin?

A'a. A Fabrairun 2013 babban bankin ƙasar, MAS, ya ƙayyade rancen mota, abin da ya karya farashin takarda a lokacin. An sassauta a Mayun 2016: kashi 70 na farashi in ƙimar motar ba ta wuce 20,000 ba, kashi 60 in ta wuce, a biya cikin shekara bakwai. A motar misalinmu, sai mutum ya kawo 49,500 daga aljihunsa. Wasu dillalai suna zagaye dokar ta hanyar kumbura farashi a takarda ko kumbura kuɗin tsohuwar motar da aka kawo musaya, kuma wannan ma yana ƙara wa gwanjon zafi, domin yana shigo da wanda da ba zai iya saye ba.

In shekara goma ta cika, sai me?

Hanya biyu ce. Ko ka soke rajistar, a kai motar wurin masu farfasawa ko a fitar da ita waje, ko ka sabunta. Mai sabuntawa ba ya shiga gwanjo, yana biyan matsakaicin farashin wata uku na baya: cikakke domin shekara goma, rabi domin shekara biyar. Wanda ya zaɓi biyar ba zai sake sabuntawa ba. Harajin hanyarsa ma yana ƙaruwa da kashi 10 kowace shekara har ya kai kashi 50.

Wanda ya soke kafin goma ta cika ana mayar masa da kuɗin ragowar watannin takardarsa, da wani kaso na ARF ɗin da ya biya. A tsohuwar ƙa'idar da aka daɗe ana bi, kason yana farawa daga kashi 75 ga motar da ba ta wuce shekara biyar ba, ya sauka zuwa 50 a shekara ta goma, kuma a 2023 aka sa masa iyakar 60,000. Gwamnati na taɓa wannan ƙa'ida a kasafin kuɗi, saboda haka ranar rajistar mota ita ke nuna wadda ta shafe ta. Mai sabuntawa ya yafe wannan kuɗi gaba ɗaya. Dalilin ke nan da mutanen Singafo ba sa tambayar nawa ne mota, sai su tambayi nawa take zubarwa a shekara. Motar misalinmu, in an cire 10,000 da za a mayar a waccan ƙa'ida, tana cin 15,500 kowace shekara kafin a zuba mata mai.

Motocin da suke fitarwa suna zuwa kasuwanninmu?

Ba sosai ba. A Singafo hannun hagu ake bi, sitiyarin motocinsu yana dama. Najeriya ta koma bin hannun dama tun 1972, Gana a 1974, Nijar da Kamaru da Chadi ma dama suke bi. Motocin sun fi tafiya ƙasashen da ke tuƙi irin nasu.

Akwai wata ƙasa mai irin wannan tsari?

Birnin Shanghai na gwanjon lambar mota tun 1994. Beijing kuwa ta zaɓi ƙuri'a daga 2011, inda mutum kan yi shekaru yana jira sunansa bai fito ba. Guangzhou ta haɗa biyun.

Tsarin ya yi adalci?

Ya yi abin da aka kafa shi domin sa. Titunan Singafo suna tafiya, kuma ƙasar ta zuba kuɗi sosai a jirgin ƙasa na cikin birni tun da aka buɗe shi a 1987, ta yadda kusan kashi biyu cikin uku na gidaje suna rayuwa ba mota. Amma gwanjo ba ya tambayar buƙata. Mai jinyar tsohuwar mahaifiya da mai sayen mota ta uku duk layi ɗaya suke. 'Yan majalisa sun sha kawo shawarar a ƙara wa mai mota ta biyu kuɗi, ko a fifita masu ƙananan yara, gwamnati tana ƙi da hujjar cewa masu mota fiye da ɗaya kaɗan ne, kuma mutum na iya rubuta sunan ɗan'uwansa. Ina ganin wahalar aiwatarwa ba ta isa dalilin ƙin gwadawa ba.

Sassaucin da ake da shi ƙalilan ne. Naƙasasshen da ba ya iya hawa motar haya kuma yana buƙatar mota domin neman abinci ana iya yafe masa takardar da ARF. Akwai kuma motoci masu jar lamba, waɗanda ake yi wa ragin har dala 17,000 a kan sharaɗin ba za su hau titi ba daga ƙarfe 7 na safe zuwa 7 na yamma a ranakun aiki, sai in mai motar ya sayi izinin yini na dala 20.